Sajen Gemun Bunsuru

A zamanin Turawa, akwai wani yaro a makarantar elemantare ta Kudan. Duk ajin shi ne ƙarami, amma taurin kai, ba a magana! Yara suna kiransa Ɗan Tsito. Shi kuwa ya tsani sunan nan.

Wata rana Malam Inuwa yana koya musu Turanci. Ya shafa gefen kumatunsa ya ce, "Wannan gashin, mu saje muke ce masa, Turawa kuwa sideburns. Wani babban sojan Amurka ne, Burnside, ya tara saje har ya haɗe da gashin baki. Sai aka juya sunansa, aka laƙaba wa sajen."

Yaro ya ce a ransa, "Ashe saje ke jawo girma!"

Da yamma ya ɗauki almakashin innarsa, ya lallaɓa gidan tsohuwa Hajo, maƙwabciyarsu. Ya datse gemun bunsurunta tas. Da safe ya jiƙa ƙaro, ya manna gashin a kumatu, ya shiga aji yana taƙama.

Kai, wari! Yara suka toshe hanci, suna dariya.

Malam ya ce, "Je ka wanke fuskarka."

"Ba zan wanke ba, Malam! Daga yau ba mai sake ce mini Ɗan Tsito."

"To, zauna."

Da rana ta ɗaga, ƙaro ya bushe, ya ɗaure masa fata. Ga ƙaiƙayi, ga ƙudaje. Ya cije, ya cije, har ya kasa. Ya ruga bakin randa ya fizge gashin. Kumatu suka saluɓe, hawaye sai zuba.

Yana dawowa aji, sai ga Hajo janye da bunsurunta.

"Malam, wane ja'iri ne ya yi wa bunsuruna aski?"

Yaro ya ji tsoro ƙwarai, amma ya miƙe.

"Ni ne, Iya. Na yi laifi, ki yafe mini."

Hajo ta dubi kumatunsa, dariya ta ƙwace mata. "Na yafe, ɗan nan. Amma kai za ka riƙa yanko masa ciyawa har gemun ya fito."

Malam ya ce, "Yara, kun gani? Girma ba a gashin fuska yake ba. Wanda ya tsaya ya amsa laifinsa, shi ne babba. Ku tafa wa babban ajinku!"

Aji ya kaure da tafi. Yaro yana murmushi, kumatu na zafi.