Hannun da Altine Ta Riƙe

Altine tana tsame ƙosai daga cikin manja a bakin hanyar unguwar Barroquinha, a wani birnin ƙetaren teku inda Turawa ke kai bayi, sai ga tsohuwa Uwani tana haki, ƙafafunta duk taɓo. Uwani baiwa ce a wata gona can bayan unguwar Itapagipe, inda Idirisu mijin Altine yake bauta. Ita Altine ta daɗe da fansar kanta. Shi ne har yanzu yake hannun mai gona.

"Tashi, 'yar nan. Mijinki bai dawo ba."

Lokacin harbin makwarwa ne. Duk shekara mai gonar yakan gayyato abokansa Turawa daga birni, su zo da bindigogi da karnuka. Bana kuwa diloli sun riga su, duk inda ka duba a gonar gashin tsuntsu ne da ƙasusuwa. Mai gona ya fusata, ya miƙa wa Idirisu tsohuwar bindiga, ya ce kada ya sake ganin fuskarsa sai da fatar dila. Tun jiya da hantsi Idirisu ya shiga cikin rogon gonar.

"Mai gona ya ce in gari ya waye ba a gan shi ba, to gudu ya yi," in ji Uwani. "Karnuka za a saki. In an kama shi, jirgin ruwan da ke zuwa kudu za a sa shi, sai gonakin kofi."

Wanda aka kai kudu ba a ƙara jin labarinsa. Altine ta bar kaskon a kan wuta.

Suka bi ta gaɓar teku, wajen unguwar Água de Meninos, gudu-gudu sauri-sauri. Kafin su isa shingen gonar rana ta yi ja. Uwani ta ja ta tsaya.

"Ni iyakata nan. Allah ya tsare ki."

Altine ta kutsa cikin rogo. Ganye ya fi ta tsawo. Warin taɓon bakin teku, kukan sauro, kwaɗi ta ko'ina. Tana tafe tana kiran mijinta, "Malam! Malam!" har muryarta ta dushe.

Can ta ga bindigar jingine da itacen kashu. Ba a ko harba ta ba.

Sai kwaɗin suka yi tsit.

Ƙamshin gasasshen nama ya daki hancinta. Ta bi shi, ta ɓullo wani fili a tsakiyar gonar. Wuta tana ci, amma babu hayaƙi. Diloli sun kewaye ta a zaune, kamar dattawa a ƙofar gida. A tsakiyarsu wani tsoho ne da farar riga, yana figar makwarwa. Ga Idirisu a gefensa, bakinsa duk maiƙo, ido buɗe ba ƙiftawa.

"Maraba da 'yar Zariya," in ji tsohon. Hausarsa tas, irin wadda ba ta ƙara ji ba tun ranar da aka raba ta da uwarta. "Zauna ki ci. Nan babu bawa, babu ubangida."

Ta durƙusa.

"Baba, mijina na zo ɗauka."

"Shi ya zo kashe mana yara. Mu kuma muka ba shi abinci."

"Tilasta shi aka yi, Baba. Don Allah. In ba a gan shi da safe ba sayar da shi za su yi. Ba ni da kowa a ƙasar nan sai shi."

Tsohon bai ɗago ba. Ya ci gaba da figa.

"To ɗauki naki, in kin san shi."

Wutar ta tashi sama. A ɗaya gefen tsohon, wani Idirisu ne zaune. Riga ɗaya, yagewa ɗaya a kafaɗa, tabo ɗaya a goshi.

"Malam?" ta ce a hankali.

Duk biyun suka ɗago.

"Karanta Fatiha."

Duk biyun suka karanta, murya ɗaya, har Amin.

Dilolin suka fara miƙewa, ɗaya bayan ɗaya. Hasken rana saura ɗan ja a kan ganye. Ta dubi wannan, ta dubi wancan, hawaye ya rufe mata ido. Na dama hannunsa yana rawa.

Ta ce a ranta, mai jin tsoro shi ne ɗan Adam. Ta cafke shi.

Suka ruga.

Rogo yana dukan fuskarta. Ƙananan ƙafafu suna gudu dama da hagu, gashi yana gogar ƙwaurinta. Tana jan Ayatul Kursiyyu, numfashi yana yanke mata ita.

Sai murya ta taso daga baya.

"Altine! Ba ni ba ne! Ga ni nan!"

Muryarsa ce. Har yadda yake jan ƙarshen sunanta.

"Altine, kada ki bar ni!"

Hannun da ta riƙe ya daina rawa.

Ba ta sake shi ba.

Suka faɗa kan shinge, ƙaya ta tsaga mata zane. Daga nesa ƙararrawar coci ta buga. Kwaɗi suka dawo da kukansu, kamar babu abin da ya faru.

Da safe ta kai shi gaban mai gona. Karnukan farauta na ganinsa suka shige ƙarƙashin keken shanu suna kuka, ko da aka doke su ba su fito ba. Dokin mai gona ya tsinke igiya. Baƙi suka tattara bindigoginsu suka koma birni. Kafin azahar mai gona ya ce ta tafi da shi, kada ya ƙara taka masa ƙasa.

Haka ta samu mijinta. Ya zauna da ita a Barroquinha, yana surfa mata wake, yana salla a kan lokaci, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Sai dai kajin maƙwabta sun daina shigowa tsakar gidan.

In magariba ta yi, iska ta kaɗo daga wajen Itapagipe, takan ji kiran, can nesa, a gajiye. Wata rana ta juya, ta ga shi ma ya karkata kai yana saurare.

"Kin ji wani abu?" ya tambaye ta.

"A'a, Malam."

"Ni ma," in ji shi. Ya tashi ya rufe taga.