Mutumin da Kakanmu Ya Goge

Da magariba na hau bene na kai wa yayana Zdravko kwalin hotunan da ya ce in kwaso masa a tsohon shagon kakanmu. Wata takwas ke nan yana fama da haɗa wata manhajar gyaran hoto ta kyauta, yana so ta yi aiki a tsarin da kwamfutocin makarantun garinmu Gabrovo ke amfani da shi. Gwaji kawai ya rage masa.

Kakanmu mai gyaran hoto ne a zamanin tsohuwar gwamnati. Mutane yake cirewa daga hotuna, kuma a gidanmu ba a zancen.

Zdravko ya shigar da hoto ɗaya a kwamfuta: ma'aikatan masaƙa shida a jere, da gurbi a tsakiyarsu. Ya ce magogin manhajar ne ke ba shi ciwon kai tun safe, maimakon ya goge sai ya ƙara duhu. Yana tauna banitsa, burodinmu mai cuku, yana dariya, ya ja linzamin kwamfutar a kan gurbin.

Kafaɗa ta fito. Sai wuya. Sai fuskar mutum, leɓensa a fashe.

Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin.

"Vyara, rufe taga," in ji shi a hankali.

"A rufe take, Yaya."

Ya so ya janye hannunsa daga linzamin, hannun ya ƙi. Wani hoto ya buɗe da kansa, namu ne mu biyu a bakin teku. Magogin ya gangara kan fuskar Zdravko. Na ji ƙara ƙyar-ƙyar, kamar ana kankare takarda da reza.

Kunnensa na hagu ya ɓace a hoton. Jini ya feso a kan allon.

Na fizge wayar wuta. Allon bai mutu ba.

Magogin ya sauka kan yatsunsa. Ihunsa ma ya daina fita, sai gurnani.

Aka damƙe gashina ta baya, aka ƙwala fuskata da teburi. Haƙorina ya karye. Hannun sanyi ƙalau, kuma babu kowa a bayana.

Na rarrafa wajen murhu, na laluɓo gatarin faskare. Na sari kwamfutar. Na sake sara. A sara na uku wani abu ya yi numfashi dab da kunnena, ya sake mu.

Na kama ƙafar Zdravko na jawo shi har ƙasan bene.

Likita ya ce bai taɓa ganin yanka irin wannan ba. Kunne ɗaya da yatsu biyu sun tafi, ba a kuma same su a ɗakin ba.

A gadon asibiti Zdravko ya faɗa mini cewa tun da la'asar ɗin ranar ya ɗora gwajin a intanet, har mutum goma sha ɗaya sun sauke. Ni na rubuta musu wasiƙa, domin shi yanzu ba ya iya rubutu, na roƙe su kada su buɗe manhajar.

Tara sun amsa.