Kwan Fitila a Ɗakin Tarwaɗa

Ana saura kaɗan a kira magariba Mahir ya miƙa wa Abdulrauf kwan fitila da doguwar waya, ya ce ya rataye a ɗakin 'ya'yan tarwaɗa. Mahir Balarabe ne, shi ne mai gonar kifin da ke bakin kogi a unguwar Aljirif. Abdulrauf kuwa ɗalibi ne daga Maraɗi, yana aiki a gonar idan ya taso daga karatu.

Watanni biyu da suka wuce an ƙara wa kifin karfasa sa'o'in haske, ta buɗe ciki, ta yi ƙiba. Shi ya sa Mahir ya yanke cewa tarwaɗa ma haka za a yi mata.

Tsoho Kabo, wanda ya shekara ashirin yana kiwon kifin, ya tare musu hanya.

"Ya Mahir, tarwaɗa ba karfasa ba ce. A duhu take girma. In ta ga haske ba ta hutawa, sai ta yi ta kewaya har ta rame, fatarta ta koɗe, babba ta haɗiye ƙarama."

"Khalas, ya isa haka, ya Haj," in ji Mahir. "Kai da ka shekara ashirin a duhun, ina girman da ka yi?"

Kabo ya juya ga Abdulrauf. "Kai kuma, malamin takarda, a kan tsohon ramin masu gasa bulo aka gina ɗakin nan. Akwai waɗanda suka riga kifin zama a ciki. Duk wanda ya haske musu ido, da nasa idon yake wasa."

Dama Kabo da Abdulrauf ba sa ga maciji da juna. Abdulrauf ya raɓa ta gefensa ya wuce, ko kallonsa bai yi ba.

Ya ɗaga baƙin tamfol ɗin da ke ƙofar, ya shiga. Ƙarnin kifi da warin danshi suka tarbe shi. Injin ruwa yana gurnani a kusurwa. Da lalube ya hau bakin kwatamin kifin, ya rataye kwan, ya jona wayar.

Farin haske ya cika ɗakin.

Ruwan ya hau tafasa. Dubban 'ya'yan tarwaɗa suna bugun bango, suna hawa kan juna, suna neman lungun da babu. Ya ga wata ta kama kan 'yar'uwarta.

Sai injin ya yi shiru.

Warin ya sauya. Yanzu hayaƙi ne na ƙasar da ake gasawa. Ya waiwaya. Inda tamfol yake sai bango.

"Kashe shi."

Da Hausa aka faɗa, ƙasa-ƙasa, daga ƙarƙashin ruwan. Wata murya ta amsa daga bayansa, dab da wuyansa.

"Kashe shi."

Bai yi shakka ba, hukuncinsa ake yankewa, wani yana umartar wani. Hasken nan kaɗai ya rage masa. Ya zaro wayar hannunsa, ya kunna tocila, ya ɗaga ta sama yana haska kowace kusurwa.

Wani abu ya yi nishi irin na wanda aka watsa wa barkono.

Ruwan ya kumbura, ya miƙe tsaye.

Ya so ya karanta Ayatul Kursiyyu, harshensa ya ƙi juyawa. Wani abu siriri, mai sanyi da santsi, kamar gashin bakin tarwaɗa, ya shafi fatar idonsa na hagu.

Idon ya mutu, kamar an hure aci-balbal.

Abin ya zame a kan karan hancinsa, ya nufi na dama.

"Mun ce ka kashe shi," in ji muryar. "Ko mu ƙarasa kashe naka?"

Sai a lokacin ya gane. Ba shi ake nufi ba. Kwan fitilar ake nufi, kuma da shi ake magana tun farko.

Ya jefa wayar hannun a ruwa. Ya fizgi wayar lantarkin da dukkan ƙarfinsa.

Duhu.

Ruwan ya faɗi. Injin ya tashi. Daga nesa ladan yana cewa hayya alal falah. Wani busasshen hannu ya damƙi rigarsa, ya ja shi waje ta ƙarƙashin tamfol. Kabo ne. Bai ce masa sannu ba.

Likitan ido a Omdurman ya duba har sau uku, ya ce bai ga wata cuta ba. Har yau idon a buɗe yake, garau, amma ba ya ganin ko rana tsaka.

Da Abdulrauf ya koma gonar ya ba da labarin abin da aka faɗa masa a ɗakin, Mahir ya ce tsoro ne da camfin 'yan ƙasarsu, ya sallame shi. Washegari ya sayo kwan fitila guda huɗu, ya ce a nemo masa ma'aikacin da ba ya jin Hausa.