Kainuwar da Mai Agogo Ya Kawo Gida

Magariba ta kawo kai, ba a kunna fitilar ɗaki ba tukuna. Maman Auta tana zaune a falo tana ɗinke bakin labule da hasken akwatin kifin mijinta, wani akwatin gilashi mai tsawon kamu uku da ke kan tebur a jikin bango. Sai ta ji ƙaras a bayanta. Ta waiwaya, ta ga 'yar tsakuwa fara a kan daɓe. Ta ɗauka, ta ji ta a jiƙe, da sanyi, irin wadda ke shimfiɗe a ƙasan akwatin. Ba kowa a ɗakin sai ita. Kafin ta miƙe wata ta faɗo, ta bugi ƙofa.

Mijinta mai gyaran agogo ne, mutum mara hayaniya, ba ya shan komai, ba ya zaman majalisa. Aibinsa ɗaya ne, wannan akwatin. Magidanci da iyali ya ajiye kifin da ba a ci, yana yi masa hidima kamar jariri. Shekara biyu ya yi yana dasa tsire-tsire masu kara, kore da ja, a cikin tsakuwar, da ɗan hantsakin da yake ɗaukar ƙusoshin agogo, yana datse su duk mako. Matar takan ce masa, da ita ce take samun wannan kulawa da tuni ta yi ƙiba. Ya yi dariya ya ci gaba.

Da gansakuka ta fara cin gilashin, ya je wurin mai shagon kifi. Mai shagon ya gaya masa gaskiya. Ya ce masu kara suna son haske sosai, hasken nan kuma shi ke kiwon gansakuka. Masu yawo a saman ruwa kuwa suna shanye dattin ruwa, suna yi wa kifi inuwa, ba sa buƙatar dashi, amma suna haihuwa kamar ɓera, in aka bar su sai su rufe sama su kashe na ƙasa. Ya ce ko dai ya zaɓi ɗaya, ko ya haɗa su ya riƙa rage na saman. Ya ce masu yawon sun ƙare a shago, sai dai ya jira mako biyu.

Bai jira ba. A hanyarsa ta dawowa akwai tsohon kududdufi a bayan wata masana'anta da aka rufe, kainuwa ta lulluɓe shi. Ya tsaya da faɗuwar rana, ya miƙa hannu ya ɗebi guda biyar ya zuba a leda. Bai yi bisimilla ba, bai yi sallama ba. Abin da ba kai ka ajiye ba, ka bar shi inda ka gan shi, wannan ko yaro ya sani.

Cikin wata ɗaya gansakuka ta tafi, ruwan ya yi garau. Biyar ɗin nan suka zama hamsin, dogayen saiwoyinsu na reto a ruwa kamar gashi. Da ya ga jajayen tsirransa sun fara koɗewa, sai ya sa rariya ya kwashe rabi, ya watsar a kan simintin bayan gida, rana ta ƙona su. Washegari da magariba tsakuwar farko ta faɗo.

Daga nan kullum ne. Rana na faɗuwa za a fara jifa, a kan rufi, a jikin taga, har cikin tukunya. Wani lokaci su ji magana ƙasa-ƙasa a falo, kamar mutum yana surutu bakinsa a cikin ruwa. Sa'an nan abin ya koma kan Auta, 'yarsu ta ƙarshe, mai shekara goma sha huɗu, ita kaɗai ta rage a gabansu. Ta daina son haske. Takan ja labule da rana tsaka, ta shige ƙarƙashin teburin akwatin ta takure. Gashinta kullum a jiƙe, ba ta kuwa yi wanka ba. Likita ya auna ta sau biyu, ya ce lafiyarta ƙalau, ya rubuta maganin ƙarin jini.

Uwar ce ta lura. Duk ranar da ya kwashe kainuwa, ranar ce yarinyar ke faɗuwa tana kururuwa wai ana gasa ta. Ta same shi a tsaye da rariya a hannu.

"Baban Auta, don Allah ajiye abin nan."

"In ban rage ba na ƙasan za su mutu."

"To su mutu mana. Ciyawa ce fa."

Ya dube ta kamar ta zage shi. Ya ce ita ba ta san wahalar da ya sha ba, kuma ina ruwan ganye da ciwon yarinya. Ya sa rariyar ya ɗebo. Bai kai ƙofar baya ba Auta ta saki wata ƙara daga ƙarƙashin tebur, bayan hannunta ya yi jawur ya tashi kamar wadda ta taɓa murhu. Ya tsaya nan, ruwa na ɗiga a ƙafarsa. Da hannunsa ya mayar da ganyen.

Da safe suka ɗauki bokiti su biyu za su mayar da kainuwar inda ta fito. Suka tarar babu kududdufi. An cike shi da ƙasa, an daddale, motoci na sauke bulo. Maman Auta ta daɗe tsaye tana kallon wurin, bokitin na yi mata nauyi. Suka juyo da shi gida, suka mayar da kainuwar cikin akwatin.

Malamin da yayanta ya kawo tsoho ne siriri, ba ya ɗaga murya. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a ƙasa, ya sa uwar ta riƙe kafaɗun yarinyar. Ya daɗe yana karatu. Hasken taga yana raguwa, kifayen duk suka taru a kusurwa ɗaya suka tsaya cak. Can Auta ta ɗago kai, sai muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta, a dishe, a gajiye.

"Ya isa, malam. Ina jin ka."

Ya tambaye ta ko wace ce, da abin da yarinyar ta yi mata. Ta ce yarinya ba ta yi mata komai ba. Ta ce ita a ƙarƙashin kainuwar nan ta tsufa, tun ba a kafa tubalin masana'antar ba. Tana kwance da jikokinta aka ɗauke su da rufinsu aka jefa a leda. Ta yi haƙuri, ta zauna inda aka ajiye ta, da fitila a kanta dare da rana. Sai kuma ya fara kwashe rufin yana shanyawa, da jikokinta a maƙale a saiwa. Uku ta rasa.

Mai agogo ya sunkuyar da kai. Ya ce bai sani ba.

"Ka tambaya?" in ji muryar.

Malam ya ce zalunci ba ya gyara zalunci, ta fita daga jikin da ba nata ba. Ya ce za a kai ta kogi. Ta ce kogi da masu shi, kuma ruwa mai gudu ba ya riƙe kainuwa. Ya ce rijiya, ta ce ba haske ko kaɗan, rufin zai ruɓe. Ya ambaci tafki a bayan gari, ta ce baƙuwa da ƙananan yara ba ta kwana ɗaya a can. Ya sake ɗaukar karatu da ƙarfi, yarinyar ta sandare, numfashinta na sarƙewa, har uwar ta ji ƙashin kafaɗarta na rawa a tafin hannunta.

"Kana iya ƙona ni," in ji muryar. "Amma tare za mu tafi."

Malam ya dakatar da karatun. Ya dubi uwar, ta ga a idonsa iyakarsa ke nan.

Sharaɗin tsohuwar bai da yawa. Akwatin ya zama nata. A cire fitilar, hasken taga ya ishe ta. Kada a sake taɓa ganye ɗaya na sama, kada a motsa akwatin, kada ruwan ya sauka ƙasa da inda yake. Muddin haka, ba ruwanta da kowa. Ranar da ruwan ya ƙare kuwa, ta san inda za ta koma.

Malam ya sa ta rantse, ta rantse. Mai agogo ya tashi ya zare fitilar, ya naɗe hannun riga ya tuge tsirransa ɗaya bayan ɗaya, a hankali don kada ya girgiza na sama, tunda ko ya bar su ruɓewa za su yi su ɓata ruwan. Da ya ciro na ƙarshe, Auta ta yi atishawa sau uku ta faɗa jikin uwarta. Saman ruwan ya motsa sau ɗaya ya kwanta.

"Mama, yunwa nake ji," ta ce da muryarta.

Yarinya ta warke, ta koma makaranta. Kifayen kuwa, mai shago ya zo ya karɓa. Mai agogo ya daina zama a falo. Baƙi sukan tambayi me ake ajiye da baƙin akwati haka, sai a ce musu ado ne. Maman Auta ta ja layi da jan farce a jikin gilashi daidai bakin ruwan, kullum da yamma ta duba, ta ƙara kofi ɗaya a hankali ta gefe. Ba ta kwana a ko'ina, ko rasuwar yayarta sai wuni ta yi ta dawo.

A wata na bakwai kofi ɗaya ya daina isa, sai biyu. Ta durƙusa ta shafa ƙarƙashin tebur, ta ji danshi a kusurwar da gilashi ya haɗu da gilashi. Ta kira mai shagon kifi, ya zo ya duba da tocila. Ya ce gam ɗin ne ya tsufa, aikin minti talatin ne, abu mai sauƙi. Sai dai a juye ruwan duka, a bar akwatin ya bushe kwana biyu.

Ta yi masa godiya, ta raka shi ƙofa. A ɗaki Auta na karanta darasinta da ƙarfi. Maman Auta ta ɗauko kwano ta tara a ƙarƙashin kusurwar, ta ciko buta, ta zauna kusa da akwatin.