Teburin da Ke Bayan Suhaibu

Haulat na tsakar gida tana ɓarar gyaɗa wani hoto ya shigo wayarta. Tana dubawa ta yi wurgi da faranti, kaji suka samu biki.

"Inna! Fito ki ga abin da Suhaibu ya yi min!"

Inna Larai ta fito daga madafi tana goge hannu. Suhaibu ɗan Ajingi ne, shi aka bai wa Haulat, an kawo gaisuwar iyaye, sa rana kawai ya rage. Shekararsa biyu yana aiki a wani babban otal a Legas. Ita kuwa Haulat, duk garin Gaya an san ta da kishi. Ko mai tallar kunu Suhaibu ya amsa wa gaisuwa da fara'a, sai ta kwana biyu ba ta ɗaga wayarsa ba.

"Dubi yadda matar nan ta matso jikinsa! Dubi gashin doki har gadon baya! Shi kuma ya wani washe baki, wallahi I hate him!"

Ana cikin haka mahaifinta Malam Dalhatu ya dawo daga Islamiyya. Da Haulat ta san abin da zai biyo baya, da ta haɗiye kukanta. Amma ina! Da hannunta ta miƙa masa wayar.

Malam ya sa tabarau. Ko kallon matar bai yi ba. Ya ɗora yatsa a kan wani koren tebur da ke bayansu, ga karta a shimfiɗe, ga mutane sun kewaye shi.

"Wannan ai caca ce. Ashe a gidan caca yaron nan yake? To a tsayar da maganar sa rana."

Haulat ta yi da-na-sani. Ita so take a ja masa kunne, ba a raba su ba.

Bayan kwana uku Suhaibu ya diro Gaya tare da kawunsa Badaru. Suka durƙusa a zaure, Haulat ta laɓe a bayan ƙyaure.

"Allah ya gafarta Malam, ni ban taɓa yin caca ba," in ji Suhaibu. "Ƙofa nake tsaro, ina duba katin shaida, wanda bai kai shekara goma sha takwas ba in mayar da shi. Can Legas gwamnati ce ta ba su lasisi, komai bisa doka ake yi. Matar da ke hoton ma jami'a ce, ta zo duba takardunmu."

Haulat ta dafe ƙirji. Jami'a! Amma duk da haka zuciyarta ta ce, jami'ar ce sai ta yi masa murmushi?

Malam ya ce, "Na yarda da kai. Legas da dokarta, Kano da tata, nan an haramta. Amma lasisin nan ɗan sanda yake hanawa ya kama ka. Ba ya tsarkake tuwon da 'yata za ta ci. Ka hana yara shiga, madalla. Iyayen yaran fa, wa yake buɗe musu ƙofa?"

Suhaibu ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Malam."

"To ka zaɓa. In 'yata kake so, gonar mahaifinka tana nan a Toranke. Ka noma damina ɗaya, ka dawo mu yi magana."

Da zai tafi Haulat ta tare shi a ƙofar gida, ido ya kumbura.

"Sorry, Suhaibu, ni na jawo..."

Ya wuce ta, ya hau babur. Sati biyu ba kira, ba saƙo. Ta rame, ta tabbatar wa kanta ya koma wajen mai gashin doki, har ta raɗa wa 'ya'yan da za su haifa suna. Sai ranar kasuwar Ajingi wani maƙwabcinsu ya dawo da labari: ya ga Suhaibu yana cinikin fartanya!

Damina ta yi wa Haulat tsawo. Kishin bai mutu ba, don da ta ji wata 'yar Toranke na kai wa ma'aikatan gonarsa fura, sai da ta kasa cin tuwo. Amma wannan karon ta kama bakinta, ta ɗauki carbi.

Bayan an cire gyaɗa Suhaibu ya zo tare da kawunsa, ya yi baƙi, ya rame, ya sauke buhu a zaure. Malam bai dubi buhun ba. Ya kama hannunsa ya juya tafin, duk ya yi kanta.

"Badaru, ku zaɓi rana."

Inna Larai ta rangaɗa guɗa daga cikin gida. Da yamma Haulat ta fito zance tana rufe fuska.

"Ka yafe min?"

"Na yafe tuntuni. Kullum na buɗe ƙofar gidan cacar nan sai gabana ya faɗi, albashi ne ya rufe min baki. Ke kika fitar da ni."

Ta yi murmushi. "To... mai furar nan fa, wace ce?"

"Haulat! Gwaggona ce, shekararta sittin!"

Aka ɗaura aure da ƙaramar salla. Haulat ta gane kishi ba ya tsayawa inda mai shi ya so, shi kuma Suhaibu ya gane ba duk abin da takarda ta yarda da shi ne ya kamata ya shiga tukunyar gida ba. Haƙurin damina ɗaya ya ba su abin da albashin shekara biyu ya kusa raba su da shi.