Koriyar Jaket Ta Tafiya Mambila

Ranar wata Laraba cikin watan Maris na 1988 Ndayako ya shigo layin 'yan gwanjo a babbar kasuwar Minna, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, yana tambayar inda zai sami rigar sanyi. Duk rumfar da ya tsaya sai an yi masa dariya. Wa ke neman rigar sanyi a tsakiyar wannan zafin? Da ƙyar wani ya nuna masa rumfar Alhaji Ladan.

Safiyo ne, mai awon ƙasa, ɗan Bida. Kamfanin da yake wa aiki zai tura shi tsaunin Mambila awon hanya, damina guda cur.

Alhaji Ladan ya jawo wani baƙin kwat na ulu, mai nauyi kamar bargo biyu, ya ɗora masa a kafaɗa. "Wannan ko ƙanƙara ake zubawa ba za ka ji ba."

"Baba, a ofis zai zauna ko dutse zai hau?"

Sai lokacin Ndayako ya lura da ita, a zaune bayan dilar kaya tana ware riguna. Sakinatu ce, 'yar Alhaji, malamar firamare, in ta tashi daga makaranta takan zo ta taya shi.

"Dutse zan hau," in ji shi. "Kullum, da kayan awo a bayana, kuma an ce ruwa ba ya ɗaukewa."

Ta miƙe ta zaro wata koriyar jaket mai santsi. "Ulu in ya sha ruwa sai ya kwana uku bai bushe ba. Waccan mai kumburin kuma gashin agwagwa ne a ciki, da ta jiƙe za ta lafe, ɗuminta ya tafi. Wannan audugar roba ce. Riƙe ka ji."

Ya karɓa, kamar bai riƙe komai ba. Ta ɗauki buta ta tsiyaya ruwa a hannun rigar, ta matse, ta yarfe, ta ce ya sa hannunsa ciki. Da ɗumi. Ta ja zif ɗin sama da ƙasa sau uku, ta duba ɗinkin hammata, ta sa shi ya ɗaga hannuwa don a ga ko za ta matse shi in ya sa suwaita a ciki.

Shi dai ya daina kallon rigar tuntuni.

Ya saya. Alhaji ya mayar da kwat ɗinsa, fuskarsa ta nuna bai ji daɗin yadda 'yarsa ta gyara masa magana a gaban baƙo ba.

Sati uku suka rage masa, kuma kusan kowace la'asar sai an gan shi a ƙofar gidan su Sakinatu a unguwar Tudun Fulani. Tana kiransa Safiyona, yana kiranta Malamata. Ana jibi zai tafi ya turo kawunsa neman aurenta.

Alhaji Ladan ya karɓi baƙon da mutunci, ya sallame shi babu amsa. Bayan baƙon ya fita ya kira Sakinatu.

"Mutumin da gidansa tanti ne? Yau Mambila, gobe Allah kaɗai ya san ina. Ga Zamani nan, ɗan aminina, shagonsa na rediyo yana kallon nawa. Ba zan yi miki dole ba, Sakinatu, amma ban ba wancan ba."

"Baba, a ba shi zuwa ƙarshen damina."

"Zuwa kaka. In ya wuce, kada ki sake kawo mini sunansa."

Wasiƙarsa ta farko ta iso a watan Mayu.

"Malamata, na iso lafiya. Nan gajimare a ƙasanmu yake. Abokan aikina masu manyan kwat suna shanya su a bakin wuta, ni kuwa in na yarfe tawa kafin a gama shayi ta bushe. Kowa na tambayar wa ya zaɓa mini. Na ce matata, Allah ya yafe mini gaggawa. Naki, Safiyo."

Ta karanta har takardar ta fara yagewa a ninki. Ta biyu ta zo, ta uku ta zo. Daga tsakiyar Yuli, shiru.

Kullum ta tashi daga makaranta sai ta biya gidan waya. Babu. Ta je ofishin su Ndayako, aka ce su ma ba su ji daga tsauni ba, ruwa ya cinye hanya. Agusta ya shiga ya fita. Ta rame har ɗalibanta suna tambayar ko Malama ba ta da lafiya.

Zamani kuwa bai fasa zuwa ba. Wata rana ya zauna ya sauke murya. "Ban so in faɗa miki ba. Wani direba da ke zuwa Gembu, can kan Mambila, ya ce safiyon nan naku ya auri wata 'yar Fulani a can. Ke kina nan kina ƙarewa."

Da ya tafi ta ɗauki biro.

"Ndayako, in ka sami wadda ta fi ni, ba sai ka ɓoye ba. Ni ma akwai mai jirana. Kada ka sake rubuto mini. Sakinatu."

Tana jefa ta a akwatin gidan waya ta yi nadama. Ta roƙi ma'aikacin ya ciro mata, har da hawaye. Ya ce doka ta hana.

Cikin watan Oktoba, tana rumfa da Alhaji, wani dogon mutum ya yi sallama da jakar leda a hannu. Ya ce sunansa Gabriel, tare suke aiki da Ndayako. Ya buɗe jakar ya fito da koriyar jaket, an tsaga ta da almakashi daga wuya har ƙugu, ga tabon jini ya bushe a gefe.

Sakinatu ta zube a kan dila. "Ya mutu? Don Allah gaya mini, ya mutu?"

"Bai mutu ba. Ki zauna, bai mutu ba." Hausarsa ba ta fita sosai, amma ta fahimce shi. Ya ce a watan Yuli ƙasa ta zame da Ndayako, ya faɗa wani kwazazzabo, ƙafarsa ta karye wuri biyu. Kwana biyu ana nemansa cikin ruwan sama. Da aka same shi ba ya magana, amma ƙirjinsa da ɗumi. Likitan ya ce rigar ce ta riƙe shi. Sai da ya yi wata biyu a asibitin Gembu kafin hanya ta buɗe, yanzu yana Bida wurin mai ɗori.

"Babu wani aure?"

"Aure? Mutumin da ko zama ba ya iyawa?" Ya miƙa mata takarda. "Wasiƙarki ta same shi a gado. Daga ranar ya daina cin abinci sosai."

"Malamata, na ga saƙonki. Kin yi daidai. Sun ce ko na warke zan riƙa ɗingishi, dutse kuma na gama hawansa. Ki auri mai jiranki. Ga rigarki na dawo miki da ita, ta yi aikinta. Ki yafe mini. Ndayako."

Ta durƙusa gaban mahaifinta a tsakiyar kasuwa, mutane na kallo, ta riƙe ƙafarsa.

"Baba, ni na kashe shi da hannuna. Ƙarya aka yi mini na yarda. Ka bar ni in je Bida, ko minti biyar ne. In na dawo duk abin da ka ce zan yi."

"Tashi, kina tara mini jama'a."

"Ba zan tashi ba, Baba."

Alhaji ya ɗauki jaket ɗin yana juya ta, ya murza audugar da ta leƙo daga tsagar. Ya daɗe yana kallon shagon rediyon da ke tsallaken layi, inda Zamani ya shige ciki ya ja labule. Sannan ya ce wa Gabriel, "Ka san gidan?"

Washegari da hantsi motar Alhaji ta tsaya a wani lungu a Bida. Ndayako na kwance a tabarma a zaure, ƙafarsa ɗaure da karare, ya zama ƙashi da fata. Da ya gan ta ya juya fuska bango.

"Me ya kawo ki? Ba na so ki gan ni haka."

"Safiyona, dube ni."

"Gurgu za ki aura?"

"Ko a kwance za ka ƙare rayuwarka, kai nake so. Babu wani mai jirana. Haushi ne ya rubuta takardar nan, tun ranar ban yi barcin kirki ba."

Ya juyo ya dube ta. Ta zauna a bakin tabarmar tana kuka, yana kuka. Alhaji ya yi gyaran murya daga ƙofa ya ce a kira masa kawun yaron.

An ɗaura aure a Tudun Fulani cikin Fabrairun 1989, bayan kamfanin ya mayar da Ndayako ofishin zanen taswira a nan Minna. Bayan an shafa fatiha ango ya taho da sandarsa don ya gaida surukinsa. Ya yi ƙoƙarin durƙusawa, ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa. Ya sake gwadawa, gumi ya keto masa, abokansa suka yo kansa.

Alhaji Ladan ya riga su. Ya kama shi ta hammata ya zaunar da shi a kan bencin da yake zaune, kafaɗa da kafaɗa.

"Daga yau nan ne wurinka, ɗana. Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Jama'a suka amsa da amin, daga cikin gida kuma guɗa ta tashi.