Tauraron Ƙaramin Gari

A can wani zamani, garuruwa goma sha uku suka haɗa kai suka ƙi bin wani sarki na ƙetaren teku. Aka ba wata tsohuwa ɗinkin tutarsu, kowane gari da tauraronsa.

Wakilin babban gari ya ce, "Iya, namu a gaba." Mutanen garin tsohuwar ma suka ce, "Iya, namu a gaba." Ranta ya so ta sa na garinsu a gaba, amma ta kife ƙwarya a kan ƙyallen, ta jera taurarin kewaye da ita.

Ranar ɗaga tuta, dattijon ƙaramin gari ya nemi tauraronsu a ƙarshen layi, inda aka saba ajiye su. Ya duba, ya duba, ya rasa ƙarshen.

Ya ce, "Iya, Allah Ya saka da alheri. Yau kin zaunar da mu cikin 'yan'uwa."